Sahun da Na Shayar

Ina jin abin da kuke faɗa, ku samarin Dingaya, in na wuce ku a gindin tsamiya. Kun ce Baba Salihu ba shi da aiki sai zagaya garkar lalle da hannu a baya, kamar mai jiran baƙo. Kun ce lalle ba noma ba ne, itace ne da Allah Ya tsirar, mutum ya zauna a inuwa ganye ya zo masa. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka kafin in shiga. Amma tunda idona bai tafi ba tukuna, kuma ɗan karatun allon da na yi ya isa in haɗa baƙi da baƙi, bari in rubuta muku yadda aikin yake, da dalilin hannun nan da kuke gani a baya. Na yi ƙoƙarin kada in ƙara, kada in rage. In na kuskure a wani wuri, Allah Ya yafe mini.

A Surko aka haife ni, can ƙasar Birnin Kudu, gidan manoman gero da dawa. Na riga na yi aure lokacin da kawuna Jatau, wan mahaifiyata, ya aiko a kira ni nan Dingaya. Gwiwa ta fara hana shi tsuguno, 'ya'yansa kuma duk mata ne, sun tafi gidajensu. Muka ɗora kayanmu a jaki, ni da matata Asabe, muka zo. Garkar da na tarar ita ce wadda kuke gani yau a bakin fadama: sahu bakwai, kowane sahu gindi goma, da rijiya a kusurwar gabas. Sahun da ke bakin rijiya shi ne na fari. Kawu ya dasa shi tun mahaifiyata ba ta yi aure ba, sauran shidan kuwa daga irinsa suka fito. Da ya zagaya da ni, sai ya tsaya a sahun nan ya dafa wani gindi mai kaurin damtse ya ce, "Wannan ya girme ka, Salihu. Ka gaishe shi."

Aikin farko da ya ba ni jiƙa iri ne. 'Ya'yan lalle ƙanana ne, kamar ƙwayar masoro, in ka murtsuke ɗaya sai ka ga iri a ciki kamar tsakuwar rairayi. In ka watsa shi a ƙasa haka nan, sai ka yi wata kana jira ba ka ga komai ba, saboda ɓawonsa yana da tauri. Sai an zuba shi a ƙwarya, a sa ruwa, kullum da safe a tsiyaye a sake sabo, har kwana bakwai. Sannan a juye a tsumma mai laima, a ƙulle, a ajiye a gindin randa inda yake da sanyi. Kawu ya ce in bar shi kwana uku kada in taɓa. Ban iya ba. Da hantsi na kwance na duba, da azahar na kwance, da la'asar ya kama ni ina kwancewa.

Ya ce, "Salihu, iri ne ko mai jego? Sau nawa za ka leƙa shi a yini?"

Na ce, "Kawu, ina tsoron kada ya ruɓe."

Ya ce, "To ka ruɓar da shi da kanka, ka huta da tsoro."

Rana ta uku da na kwance a gabansa, sai ga kowace ƙwaya ta fitar da farin bakinta kamar haƙorin jariri. Abin da ya cika tafin hannuna ɗaya kawai, amma in duka aka dasa sai ya cika gonar mutum uku. Na daɗe ina kallo. Har yau, bayan shekarun nan duka, in na kwance tsumman nan sai na yi tasbihi.

Irin da ya tsaga ana haɗa shi da rairayi a yayyafa a ɗan fili da aka gyara kusa da rijiya, a yi masa rumfar kara, a riƙa yayyafa ruwa da hannu, ba a kwarara ba. In ya kai tsawon taƙi biyu, damina kuma ta zauna, sai a cire da ƙasarsa a dasa, taku biyu tsakanin gindi da gindi. Shekararsa ta farko ba a taɓa shi. A ta biyu ake fara yanka. Daga nan kuma ya zama naka har tsufanka, in ka iya zama da shi. Gero kowace shekara sabo ne, in ka ɓata bana ka gyara baɗi. Lalle ba haka yake ba. Kuskuren da ka yi masa yau, jikanka zai zo ya tarar da gurbinsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Lauje biyu, ɗaya mai kauri na reshe, ɗaya siriri na toho. Fartanya ƙarama, saboda babba tana yanke saiwar sama. Dutsen wasa wuƙa, sandar bugu ta itacen kanya, faifai, da tabarmi. Laujen Kawu yana nan a wurina, ƙotarsa ta lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama, nawa yatsan bai taɓa cika wurin ba. Ba ya yarda a yi yanka da dakusasshen lauje. Ya ce dakusasshe tsaga reshe yake yi, ruwa ya shiga tsagar, gindi ya fara ciwo daga sama. Shi ya sa nake wasa lauje bayan kowane sahu. Asabe ta ce na fi wanzami yawan wasa ƙarfe.

Ranar yankan farko da na yi, na fito da sassafe da lauje a hannu, Kawu ya tare ni a bakin shinge. Ya ce in duba ganyen. Raɓa ce a kansa, kowane ɗan ganye da ɗigonsa a tsaye a baki, rana tana fitowa ta bayansu, garkar duka tana ƙyalli kamar an watsa mata ƙananan duwatsun wuya. Ya ce ba a yanka sai wannan ta bushe, ganyen da aka tara da raɓa baƙi yake yi a tsibi kafin azahar. Muka tsaya muna jira. Da ta bushe ya nuna mini inda zan sa lauje: taƙi ɗaya daga ƙasa, a sare duka. Itacen da ya kai mini ƙirji, kore shar, ya ce in mai da shi kututture. Hannuna ya ƙi. Na yanke sama-sama na bar rabi. Ya ce, "Wanda ka bari ɗin nan, baɗi ƙaya zai ba ka, ba ganye ba." Gaskiya ne. Lalle in ya tsufa a tsaye rassansa ƙaya suke zama, ganyen ya ƙanƙance, kamun ya ragu. Wanda aka sare kuwa, kwana ashirin ya dawo ya fi da. Sau biyu muke yanka a shekara, tsakiyar damina da kaka. Gindi biyu kawai ake bari su yi fure don iri, kuma in suka yi, tun daga hanyar kasuwa ake jin ƙamshin.

Shanya a inuwa ake yi, cikin rumfa mai shan iska. Rana tana cinye ƙarfin ganye, ya koma fari-fari kamar tsohuwar ciyawa. Ana juya rassan safe da yamma har kwana huɗu ko biyar, sannan a buga da sanda ganye ya zube, a sheƙe a faifai, a tsince tsinke. Wasu suna haɗa nasu da ganyen wani itace don kwando ya cika. Kawu ya ce ranar da na yi haka in koma Surko. Ni kuma abin ya zame mini ciwo. Ko ganyen tsamiya ɗaya iska ta jefo cikin tabarma, sai na baje kwandon duka na nemo shi.

Masu sayen lalle iri-iri ne. Akwai mata masu biki da masu suna da masu shirin salla. Akwai tsofaffin da ke rina gemu, da masu faso a diddige, da fatake da ke cika taiki su yi arewa da shi. Amma wadda ke yanke wa garka hukunci ita ce Inna Kande, wata dattijuwa mai ƙunshi daga Birnin Kudu. Duk kaka sai ta zo a kan jakinta. Ba ta tambaya, ba ta sauraron yabo. Za ta ɗebi ganye ta daka a ɗan turminta, ta kwaɓa, ta ɗora a farcen babban yatsa, ta naɗe da ganye, ta fasa goro. In goron ya ƙare sai ta kwance ta ɗaga farcen a rana. Abin da ta faɗa a nan, shi matan Birnin Kudu da na Gwaram za su ji. Ni kuwa duk lokacin da take taunar goron nan ina tsaye a kanta. Ita ta sa mini suna. Ta ce, "Jatau, wannan ɗan naka Malam Fargaba ne. Kai, zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar zan gudu da turmin!"

Shekara tara na yi da Kawu. A ciwonsa na ƙarshe ya sa na fito da shi bakin garka a kan tabarma. Ya ce akwai abu ɗaya da bai nuna mini ba, don shekararsa ba ta zo ba, shi ma sau ɗaya ya gani yana saurayi.

Ya ce, "In ka ga ruwa ya ɗauke gero bai cika ido ba, rijiya kuma ta fara gudu, kada ka jira. Ka sare lallen duka, ba taƙi ba, yatsa uku daga ƙasa. Ka zuba toka, ka ja ƙasa ka rufe kansa. Sannan ka fita ka ja ƙofar shinge. In ba ka da ruwan da zai ƙosar da shi, kada ka ba shi ko ɗigo."

Na ce, "Kawu, in ya mutu fa?"

Ya ce, "Ba rani nake ji masa ba, Salihu. Hannunka nake ji masa. Na ba ka amanarsa."

Shekara uku bayan rasuwarsa abin ya zo. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Dawa ta bushe a tsaye. Fadamar nan da kuke kama kifi a ciki ta tsattsage har ƙafar akuya tana faɗawa. Sau biyu na ƙara wa guga igiya, abin da take fitowa da shi rabi ruwa rabi laka. Na wasa lauje na shiga. Sahu shida na yi musu yadda ya ce, na sare, na zuba toka, na rufe, suka koma kamar ƙananan kaburbura. Da na zo wanda ya rage, na bakin rijiya, sai na tsaya. Na ce wa kaina waɗannan tsofaffi ne, tsoho ba ya jure abin da yaro ke jurewa. Na ce ga rijiya taku uku. Na ce gindi goma ne kawai, ƙoƙo ɗaya-ɗaya da safe ba zai gagara ba. Kuma Kawu da hannunsa ya dasa su, in na binne su ba su tashi ba, me zan ce? Duk dalilan nan na jera su, kowanne na ga yana da kyau. Na bar su a tsaye.

Kullum da safe sai in zuba wa kowanne ƙoƙo ɗaya. Da ruwan ya ƙara ja baya, Asabe ta same ni a bakin rijiya da tulu a hannu. Ta ce, "Malam, ruwan da zan ɗora tukunya da shi kake ba itace?" Daga ranar na daina taɓa na gida. Sai na koma yin alwala a gindinsu, yau wannan, gobe wancan, ruwan da ya zuba daga hannuna da fuskata shi ne rabonsu. Wata biyu suna kore. Duk Dingaya babu wani kore sai su. Masu wucewa suna tsayawa suna cewa Salihu ya iya, ni ma har na fara jin ko Kawu ne bai gwada ba.

A wata na uku ganyen ya fara rawaya daga ƙasa. Wata safiya na dafa babban gindin nan da aka ce in gaisar, sai ya tafi da hannuna ya kwanta. Cikinsa babu komai sai ƙasa da gara. Na bi sauran tara ina turawa, kowanne ya faɗi ba gardama, kamar kara. Malam Buba, wani Bafillace maƙwabcinmu da ke kwantar mana da shanunsa a gona don taki, shi ya zo ya same ni a tsaye a kansu. Ya tona da sandarsa ya duba. Ya ce, "Salihu, a shekara irin wannan duk garar da ke ƙasar nan laima take nema. Babu laima ko'ina sai nan. Kai ka kira ta, kullum da safe." Ya nuna mini kuma yadda saiwoyin suka taso sama suna bin ɗan ruwan da nake zubawa, maimakon su yi ƙasa. Itacen da ya shekara fiye da arba'in, ƙoƙona ya gama da shi a wata uku.

Saura sahu shida a binne, ban san ko suna da rai ba. Bazara ta zo, zafi ya kai inda ya kai, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Rumbu ya yi ƙasa, muna cin abin da a da akuya muke ba wa. Da aka samu yayyafin farko mutane suka yi shuka. Na je garka, tulin ƙasa sittin, babu wanda ya motsa. Kwana biyar, babu. Kwana goma, babu. Maƙwabta suka fara cewa ƙasar bakin fadama ita ce mai riƙe laima, in tumɓuke matattun kututturan nan in zuba gero tun lokaci bai wuce ba. Asabe ba ta matsa mini ba, sau ɗaya ta yi magana. Ta ce, "Ba a tuƙa tuwo da lalle, Malam. In sun mutu, ka bar mu mu shuka abinci. In suna da rai, ka nuna mini." Maganarta daidai ce. Na ce ta ba ni yini ɗaya.

Na ɗauki fartanya da gatari na je gindin ƙarshe na sahun yamma, wanda ya fi nisa da rijiya. Na yaye ƙasar. Kan kututturen baƙi ne, busasshe, na ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar itacen wuta. Na ɗaga gatari. Sai na ce bari dai in ga saiwar tukuna, kada in yi abin da ba ya gyaruwa sau biyu a shekara ɗaya. Na fara tono a gefe ina bin uwar saiwa. Na kai gwiwa, ƙasa busasshiya kamar toka, saiwa tana tafiya. Na kai ƙugu, tana tafiya. Malam Buba ya zo ya tsuguna a baki yana karɓar ƙasa a kwando, ya ce, "Rijiya ta biyu kake haƙa mana?" Na kai ƙirji, kaurinta bai fi babban yatsa ba, amma ba ta karkata ba, ƙasa kawai ta nufa. Sai da bakin ramin ya wuce kaina, na ji ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafata ta yi sanyi. Na damƙa, ta dunƙule a hannuna. Na sa farce na kankare bayan saiwar. Ɗanya ce, fara, da ruwa a jikinta, ƙamshin lalle ya cika ramin. Kuma ba ta ƙare ba, ta ci gaba ta yi ƙasa inda ba zan iya bi ba.

Na zauna a cikin ramin nan. Wata bakwai ina kwana ina tashi da tunanin itacen nan yana mutuwa da ƙishirwa, ashe kowane gindi da tasa rijiyar, wadda ya haƙa wa kansa shekara da shekaru cikin duhu ba wanda ya gani, ta fi tawa zurfi. Sama ya mutu, ƙasa yana sha. Ni kuma ina yawo da ƙoƙo. Malam Buba ya leƙo ya ce, "Lafiya?" Na miƙa masa dunƙulen ƙasar. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Allahu Akbar." Muka aika aka kira Asabe, ta shinshina yatsana da na kankare saiwar da shi. Ta ce, "To mai da ƙasar, kada iska ta shige ta." Mu uku muka cike ramin. Gero kuwa a tsakanin sahu muka shuka shi, da hannu, ba mu sa babbar fartanya ba.

Kwana shida bayan haka aka yi ruwa na gaske, wanda ya cika fadama. A safiya ta huɗu na ga tulin ƙasa ɗaya ya tsage. Na durƙusa, sai ga toho ja kamar jini ya turo toka gefe. Kafin mako ya zagayo, duk inda ka duba ja ne, sannan ya juye kore, wani gindin reshe goma, wani ashirin. Cikin sittin, huɗu ne kawai ba su tashi ba. Wanda na tone shi ya zo ƙarshe, sai da ya sa na yi kwana tara ina zarya, sannan ya fito.

Da kaka Inna Kande ta zo, ta rame, jakin ma ya rame. Ta daka, ta ɗora, ta fasa goro. Da ta kwance ta ɗaga farcen, ja ne mai duhu har yana neman baƙi, irin wanda ban taɓa gani ba ko a zamanin Kawu. Ta daɗe tana juya shi a rana. Sannan ta dubi bakin rijiya inda babu komai sai gurbi goma. Ta ce, "Ina tsofaffin Jatau?"

Na ce, "Na shayar da su, Inna."

Ta gane. Ba ta kira ni Malam Fargaba ba a ranar. Ta ce, "Allah Ya jiƙan Jatau. 'Ya'yan tsofaffin dai suna nan. Ka bar biyu su yi fure."

Na bari. Irinsu na jiƙa, na ƙulle a tsumma, na dasa a gurbin iyayensu. Su ne sahun da kuke gani yanzu a bakin rijiya, sun shekara ashirin da wani abu, kaurinsu ya kusa damtse. Duk wanda ke son aikin nan a cikinku ya zo bayan raɓa ta bushe, zan ba shi lauje in nuna masa inda ake sawa. Yanka da shanya da bugu, duk a damina biyu zai iya.

Ɗayan aikin kuwa, na kame hannu, ni ma ban gama koyonsa ba. In kun gan ni da rani ina zagaya garka da hannu a baya, ku duba da kyau. Na dama ne yake riƙe da na hagu, don har yau in na ga ganye ya yi laushi, ƙoƙo nake nema.